Shirin Musamman: Daga Ɗaukar Ciki Zuwa Yaye

Yau shirin namu zai duba kwanaki 1,000 na farkon rayuwar ɗan Adam, wato daga ranar da ciki ya shiga har yaro ya cika shekara 2. A wannan ɗan tsakanin ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke ginuwa da sauri, kuma abin da aka rasa a nan da wuya a cike gurbinsa daga baya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma abin ya haura rabi.

Mai ciki dai ta je awo da wuri, ta riƙa shan maganin ƙarin jini da ake ba ta, a kuma daina hana ta ƙwai da nama don tsoron kada ɗa ya yi girma.

Ranar haihuwa kuwa, ina roƙon iyayenmu kakanni da ungozomomi su saurara. Dakashin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6. Ko ruwa? Ko ruwa. Na san za a ce zafin Sakkwato ko na Maraɗi fa? To, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwa ta sha ruwan, yaro ya sha nono. Ruwan randa da ake ɗura masa da cokali yana cika masa ciki, sau da yawa kuma shi ke kawo gudawa.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan wata 6. Ku dubi kokon da ake dama wa yaro: an tace gasara, an tsinka ta har tana zuba daga ludayi kamar ruwa. Cikinsa ƙarami ne, ya cika, ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. A dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, a zuba garin gyaɗa ko na waken soya da aka soya, da ɗan manja. A murmushe dafaffen ƙwai, a daka busasshen kifi a tankaɗe, a ƙara zogale ko kabewa. Zancen cewa ƙwai na sa yaro sata ba shi da tushe. Zuma kam a dakata da ita sai ya shekara. A fara da sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 a kai sau 3 zuwa 4, nono na ci gaba har shekara 2.

Maigida, cefane a hannunka yake. Gaskiya ne tsadar rayuwa ta yi yawa, amma tsokar da ake ajiye maka a kwano, yaron nan ya fi ka buƙatarta.

In kun ga ƙafafun yaro sun kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya rame ya daina cin abinci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Alamun tamowa ke nan. A kai shi asibiti mafi kusa, za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar za a fara ba shi magani.