Fi Sabilillahi: Lafazin da Bara Ya Mamaye

Tun daga watan Fabrairu na 2020, lokacin da gwamnatin Jihar Kano ta yi shelar haramta bara a kan tituna, muhawara ta tsaya kan mai miƙa hannu, alhali lafazin da ke bakinsa, wato fi sabilillahi, shi ya fi cancantar a yi masa nazari. Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari da hantsi, ko ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a na Fagge bayan an idar da salla, zai ji shi a bakin mabaraci yana roƙo, ya kuma ji shi a bakin ɗan kasuwa yana takaici idan an yi wa kayansa tayin wulaƙanci.

Asalinsa ba ɓoyayye ba ne, yana cikin sinfi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta jero. Fuƙaha'un Malikiyya sun keɓe shi ga jihadi, waɗansu malamai na baya suka faɗaɗa shi zuwa maslahar addini.

Amma abin da ya fi damuna shi ne hubusi, wanda a ganina nan ne maƙasudin lafazin ya fi bayyana, domin mai hubusi yakan tsayar da asalin dukiyarsa, gida ne ko gona ko rijiya, ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta, sai dai amfaninta ya yi ta gudana ga mabuƙata bayan shi ya kwanta dama. Da irin wannan dukiya Azhar ta Misra ta ciyar da ɗalibai ƙarni bayan ƙarni. Ga Fagge kuwa, masaukin ayarin Buzaye a bayan ganuwa, ga Sabon Gari, wadda aka yanka wa baƙi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911: unguwanni ne da baƙunta ta gina, kuma baƙo ba abin da yake nema sai masauki da ruwa da makarantar ɗansa, abubuwan da hubusi kan iya samarwa.

An kafa Hukumar Zakka da Hubusi a Kano tun 2003. To, yaushe attajiran Kwari da na kasuwar Sabon Gari za su daina gamsuwa da canjin da suke miƙawa ta tagar mota, kowannensu ya ware shago guda, ya rubuta shi hubusi a gaban shaidu, kuɗin hayarsa ya riƙa ciyar da tsangaya ɗaya da malaminta? Hukumar kuma ta riƙa buga jerin kadarorin da ke hannunta a jarida kowace shekara, jama'a su ga inda aka kashe kuɗinsu.