Littafin Bashi a Rumbun Intanet: Me Ake Haya, Me Ake Samu Kyauta?

 Wannan karon zancenmu a kan littafi ne, wato littafin nan da kake rubuta wane ya karɓi buhu kaza, wane ya biya rabi, wane zai cika bayan sallah. A Nima da Mamobi da sauran zangunan Akra, dukiya mai yawa tana kwance a cikin irin wannan littafi. Shanu sun tafi, albasa ta tafi, abin da ya rage a hannunka rubutu ne kawai. In rubutun ya salwanta, sai ka koma dogaro da amanar wanda kake bi.

Kuma littafi yana salwanta. Mutanen Akra ba su manta da ranar 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum sama da 150 suka rasu, ruwa ya shiga shaguna da gidaje. A farkon Janairu 2025 wuta ta cinye kasuwar Kantamanto. Wanda yake zaune kusa da babbar kwatar Nima kuwa ba sai an gaya masa abin da damina take yi wa takarda ba. Shi ya sa matasa da yawa suke ce wa iyayen gidansu a mayar da lissafi cikin Microsoft 365 ko Google. To mene ne su, kuma shin sun cancanci kuɗinka?

Rumbun da ba ya cikin gidanka

Da can, in mutum yana son Word na rubuta wasiƙa ko Excel na lissafi, sayen manhajar yake yi sau ɗaya, a sa masa a kwamfuta, duk abin da ya rubuta ya zauna a cikin wannan kwamfutar. Ta lalace, aiki ya tafi. A watan Yuni 2011 kamfanin Microsoft ya fito da Office 365, wanda yanzu ake kira Microsoft 365. A nan haya kake yi, wata-wata ko shekara-shekara. Shi ma Google yana da nasa, Google Workspace, mai ɗauke da Docs na rubutu da Sheets na lissafi da Drive na ajiya.

Turawa suna kiran ajiyar da sunan gajimare, amma ba a sama take ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, da masu gadi da injin wuta. Microsoft ya buɗe irinsu a Johannesburg da Cape Town a Afirka ta Kudu a 2019. In ka rubuta abu a wayarka, kwafinsa yana tafiya can ta intanet. Ka ɗauke shi kamar sito da ka kama haya a wata unguwa: shagonka ya ƙone, kayan da ke sito suna nan. Waya ta faɗi a kogi, ko an zare ta a tasha, ka sami wata, ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka, ga littafinka yadda ka bar shi.

Amfani na biyu shi ne mutum da yawa suna iya duba littafi ɗaya a lokaci ɗaya. Yaronka yana Galmi yana loda albasa, direba yana Paga ko Aflao, kai kana Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a watan Yuli 2021. Yaro ya rubuta adadin buhu, direba ya rubuta abin da ya kashe a hanya, kai kana gani tun mota ba ta iso ba. Ba sauran “ai na gaya maka a waya”.

Lissafin da yake gyara kansa

Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne, ba farashin kasuwar yau ba. A ce ka sayi buhu 300 a kan sefa 20,000 kowane, ka ga sefa 6,000,000 ke nan. Kuɗin mota da na hanya da na 'yan dako sun ci 2,400,000. Jimla 8,400,000. In ka raba da 300, kowane buhu ya tsaya maka 28,000. Amma mota ta yi kwanaki a kan iyaka, buhu 20 sun ruɓe, saura 280. Yanzu kowane buhu ya koma 30,000.

Saura canji. In sefa 1,000 tana daidai da sidi 20, buhu ya tsaya maka sidi 600. In lokacin da za ka mayar da kuɗi Nijar ta koma sidi 22, buhun nan sidi 660 ne. Bambancin sidi 60 sau 280, sidi 16,800 ke nan. Wanda ya sayar a 640 yana murna ya ci riba, alhali uwar kuɗi ya taɓa. Wannan ba tatsuniya ba ce: a shekarar 2022 sidi ya zube ƙwarai, hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya.

A jadawalin Excel ko Sheets, sau ɗaya ake tsara wannan lissafi. Daga nan ka sauya gida ɗaya kawai, na canji ko na buhun da ya ruɓe, sauran duka su gyara kansu nan take. Ko ba ka iya tsarawa ba, yaro mai karatun sakandare zai yi maka a zama ɗaya.

Makiyayi fa?

Kada ka ce wannan na 'yan birni ne. Mai kawo shanu kasuwar Tulaku ta Ashaiman yakan bar dabbobi a hannun dillali ko maigida, mahauta su ɗauka bashi, a biya kaɗan-kaɗan. Shafi ɗaya mai gida biyar ya isa: rana, wace dabba, wa ya ɗauka, nawa aka yi ciniki, nawa ya rage. Kai kana iya rubutawa, dillali yana iya gani.

Sannan takardu. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta tsara takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ake rubuta yawan garke da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za a bi. Ga takardar likitan dabbobi, ga rasit na haraji, ga katin shaida. Ka ɗauki hoton kowace ka ajiye a rumbun. Hoto ba ya maye gurbin ta asali a gaban jami'i, wannan ka riƙe shi da kyau. Amma in ta asali ta jiƙe ko ta ɓace, kana da lamba da kwanan wata da hatimin ofishin da ya bayar, neman wata ya zo da sauƙi. Yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, mai tsallaka iyaka ya ƙara kula da takardunsa. Haka mai shigo da kaya: tun 2020 kwastan na Ghana suna aiki da tsarin kwamfuta mai suna ICUMS, kuma wakilinka zai riƙa neman ka turo masa takardu ta waya. In suna wuri ɗaya a jere, ba ka tsaya laluben tsofaffin saƙonnin WhatsApp mota tana jira.

Na kyauta da na kuɗi

Nan ne ake yawan cutar mutane, don haka a saurara. Ba kowa ne yake buƙatar biya ba. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, tare da Docs da Sheets. Duk mai asusun Microsoft yana da gigabait 5 kyauta a OneDrive, kuma yana iya aiki da Word da Excel ta intanet ba tare da ya biya ba. Littafin bashi na shekara goma bai cika ko kusurwar wannan wuri ba. Hotuna da bidiyo ne suke cinye wuri, musamman a Google, inda wasiƙu da hotuna da takardu suke raba gigabait 15 ɗin nan.

In ka biya, me za ka ƙaru da shi? Tsarin Microsoft 365 na mutum ɗaya yana ba da terabait 1, wato gigabait 1,000, da cikakkun manhajojin da ake sa wa kwamfuta su yi aiki ko babu intanet. Na iyali yana ɗaukar mutum shida, kowa da terabait ɗinsa. Sai dai waɗannan biyun don amfanin gida aka yi su. Na kasuwanci daban ne, ana biya ne a kan kowane ma'aikaci.

Wanda ya fi dacewa ya biya shi ne ƙungiya: ta 'yan albasa, ta dillalan shanu, ta masu goro, ko ofishin masu fito da kaya. Dalili kuwa, a tsarin kasuwanci asusun na ƙungiya ne, ba na sakatare ba. In an yi zaɓe an sauya shugabanni, ko an sami saɓani sakatare ya yi fushi ya tafi, sai a rufe ƙofarsa, rajistar mambobi da lissafin adashi su zauna. In kuwa a Gmail ɗinsa na kansa aka ajiye komai, ranar da ya tafi da su ya tafi.

Abin da mai talla ba zai gaya maka ba

Na farko, haya haya ce. Yawanci da katin banki ake biya, kuma in ba ka kashe sabuntawa ba, lokaci na cika za su cire kuɗi da kansu. Ka rubuta ranar a inda za ka gani. In ka daina biya, ba a ranar ake share takardunka ba, amma manhajar kwamfuta za ta koma ta karatu kawai, wurin ajiya ya koma na kyauta. In kayanka sun fi wurin yawa, ba ka iya ƙara komai, kuma in ka bar shi haka ya daɗe ana iya gogewa. Kafin ka daina, sauke komai tukuna.

Na biyu, asusun da aka yi watsi da shi. Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda yake daɗewa a daji ya riƙa leƙawa.

Na uku, intanet yana yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Ghana da maƙwabtanta suka shiga wahala, gyara ya ɗauki makonni. Ban da wannan, ka san yadda sabis yake a hanyar arewa. Maganinsa, a cikin manhajar akwai inda ake danna wa takarda ta zauna a waya ko babu intanet. Ka danna wa littafin bashinka tun kana gari. Kuma duk ƙarshen wata ka buga shi a takarda, ka ajiye a wani gida daban. Kada ka jefar da littafinka na da.

Na huɗu, masu cewa za su sa maka “na har abada” a kan 'yan kuɗi kaɗan. Sau da yawa asusun wata makaranta ko wani kamfani ne suke raba wa mutane. Mai asusun yana iya leƙa kayanka, kuma ranar da aka rufe shi, shi ke nan.

Makulli a hannun wa?

Rumbu ba ya fin makullinsa ƙarfi. In yaro ne zai buɗe maka asusu, ya buɗe da sunanka da lambar wayarka, kana zaune, sannan ka sauya kalmar sirri da hannunka. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambar MoMo ɗinka. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an turo lamba a wayarka. Amma kai mai ƙetare iyaka ka lura: in lambar tana zuwa a layinka na Ghana, kai kuma kana Maraɗi da layin Nijar, ka kulle kanka a waje. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda goma, ka rubuta su a takarda ka adana tare da fasfo.

Wajen raba littafi kuma akwai matakai: mai gani kawai, da mai iya gyarawa. Abokin ciniki a ba shi gani kawai, kuma shafinsa kaɗai, don sirrin wani ba na wani ba ne. In wani ya taɓa alƙaluma, manhajar tana riƙe tarihin gyara, za ka ga wanda ya sauya da lokacin da ya sauya, ka kuma dawo da na da. Duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne, kashe wayar. A Ghana ana kai ƙarar irin wannan ga hukumar tsaron intanet ta lamba 292.

Sai magana mai nauyi. Rai ba a hannunmu yake ba. In maigida ya faɗi, kuma shi kaɗai ya san kalmar sirri, magada ba su san wanda ake bi ba, ba su san wanda yake bi ba. Ka rubuta ta, ka rufe a ambulan, ka ba amintacce ɗaya, ko ka ba babban ɗanka damar gani tun yanzu.

To daga ina za a fara?

Fara da na kyauta. Ɗauki bashin da ake bin mutum goma kawai, a shigar a jadawali, ka yi wata uku kana rubutawa a littafi da waya gaba ɗaya. In boko bai zauna maka ba, ka ci gaba da rubutunka na ajami, kowace yamma ka ɗauki hoton shafin ka tura rumbu. Ko wannan kaɗai ya tsare ka daga ruwa da wuta. In bayan wata ukun ka ga wuri ya cika, ko ma'aikata sun yi yawa, ko ƙungiya ce ke buƙata, sannan a zauna a yi maganar biya, a kwatanta kuɗin shekara da abin da kake asara in lissafi ya rikice.

Masu tambaya su aiko ta hanyar da aka saba, za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya.