Mahara Da Ribaɗi: Daga Ishbiliya Zuwa Wurno

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, a cikin littattafan tarihin Andalus akwai wasu mutane da Larabawa suka kira Majus, ko da yake ba su da dangantaka da Majusawan Farisa. Su ne Turawa ke kira Baikin, mutanen ƙasashen da yau ake ce wa Denmak da Norwe da Suwidin. Ƙarfinsu yana ga jirginsu, dogo, mara nauyi, wanda iska ke korawa a teku, a kuma tuƙa shi da hannu cikin kogi mara zurfi. Sukan auka wa gari ba zato, su kwashi dukiya da mutane, kafin gudummawa ta iso sun koma ruwa.

A shekarar 844, watau 230 ta Hijira, suka taɓa Lishbuna, sa'an nan suka hau kogin Wadil Kabir har Ishbiliya, suka same ta ba ganuwar kirki, suka yi kwanaki suna ɓarna. Sarkin Ƙurɗuba Abdurrahman na Biyu ya aiko da runduna, aka karya su a Ɗalyaɗa, aka ƙone musu jirage. Amma abin da ya fi nasarar muhimmanci a ganinmu shi ne abin da ya biyo baya: ya sa aka gina wa Ishbiliya ganuwa, aka kafa masana'antar jirage, aka zuba matsara a bakin teku. Da suka komo a 859 sun ƙone masallacin Jaziratul Hadra'u, sun kai hari Nakur a Maroko, amma Ishbiliya ta gagare su.

To, mu nan ƙasar Hausa ba mu ga waɗannan jirage ba, amma kakanninmu sun san irin wannan yaƙi sarai, sai dai doki ne a madadin jirgi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora suka zauna Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tsibiri. Daga can mahaya ke fitowa da rani, su faɗa wa ƙauye da asuba, su kora shanu da mutane, su shige daji.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya jiƙansa, ya karya taron Gobirawa da Abzinawa da mutanen Maraɗi a Gawakuke a 1836. Duk da haka ya san rundunar da ake tarawa sau ɗaya a shekara ba ta tsare manomi daga harin dare ɗaya. Saboda haka tun da farko ya dogara ga ribaɗi. Asalin kalmar a Larabci ɗaurewa ne, kamar ɗaure dawaki a bakin iyaka cikin shiri, kuma umurni da shi na cikin ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana. Ribaɗi gari ne mai ganuwa, da mayaƙa mazauna, da limami da alƙali da makaranta, da gonaki kewaye. Ya zaunar da Fulani makiyaya a irin waɗannan garuruwa, shi kansa kuma ya tare a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

Sai dai fa a yi adalci wajen kwatanci. Majus arna ne baƙi, maharanmu kuwa da yawansu masu salla ne, 'yan uwa da rikicin mulki ya raba. Ningi ma malamai ne suka kafa ikonta, su Malam Hamza da ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rigimar haraji.

Kuma ribaɗi bai kashe hari ba, rage kaifinsa ya yi. Ɗan Baskore na Maraɗi ya ci gaba da addabar ƙasar Katsina shekara da shekaru. Mu mazauna Kaduna, a tsohuwar ƙasar Zazzau, abin ya fi kusa da mu: a zamanin Sarkin Zazzau Sambo, daga 1878 zuwa 1888, dawakin Ningawa sun iso har kusa da ganuwar Zariya.