Gwanayen Magana na Birnin Kano Ba Dare Ɗaya Suka Iya Ba

Duk wanda ya saba halartar taron unguwa a cikin birnin Kano, walimar sauka ce ko taron iyaye da malamai ko zaman sulhu a ƙofar gidan mai unguwa, ya san yadda abin yakan kasance. A miƙa wa saurayi mai digiri lasifika a ce ya yi bayani a madadin matasa, sai murya ta sarƙe, takardar hannunsa ta kama rawa, ya sunkuyar da kai ya karanto abin da ya rubuto a gurguje. Yana zama sai wani dattijo da bai taɓa shiga ajin boko ba ya miƙe, ya gyara riga, ya yi sallama, ya dakata har wuri ya yi tsit, sannan cikin ɗan lokaci ya faɗi abin da kowa zai tafi gida yana maimaitawa. Hukuncin da akan yanke nan take shi ne wannan Allah ya ba shi baki, wancan bai ba shi ba. A ganina an yi gaggawar yanke hukuncin, kuma yana danne matasa da yawa masu abin faɗa. Tarihin gwanayen magana na birnin nan yana nuna cewa ƙarfin zuciya a gaban jama'a tara shi ake yi sannu a hankali a ƙananan majalisu, har mutum ya daina kallon kansa ya koma kallon waɗanda yake yi wa magana.

Mu ɗauki Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a watan Afrilu na 1983. Mutanen da suka riski laccarsa a zamanin jam'iyyun NEPU da PRP suna tuna mutum mai sauƙin tufafi wanda taron dubbai kan yi masa shiru. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne tsawon hanyar da ta kawo shi kan wannan dandamali. Ya taso a gidan malamai, mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, wato tun yana yaro kunnensa ya saba da yadda ake kafa hujja da yadda ake rushe ta. Yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo ana nuna su a gaban jama'a, kuma babu makarantar da ta kai wasan kwaikwayo koya wa mutum inda zai ɗaga murya da inda zai yi shiru. Daga nan ya tafi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda a farkon shekarun 1940 ya riƙa zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a wani zauren tattaunawa da ake ɗauko batu a yi muhawara a kansa gaba da gaba. Ya je ƙaro ilimi Landan a 1946, ya dawo ya koyar a Maru. Kafin a kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ya riga ya shafe shekaru yana tsayuwa gaban mutane kusan kullum, ana yi masa tambaya, ana ƙaryata shi, yana gyara zance.

Wannan horo ne ya bayyana a yadda yake magana da talaka. Mutum ne da ya iya Turanci ya kuma san Larabci, amma idan ya tsaya gaban manomi da ɗan kasuwa da maɗinki, da abin da ke damunsu yake farawa: haraji, jangali, aikin tilas, da yadda shari'a kan kasance idan mai ƙaramin ƙarfi ya haɗu da mai iko. Ya kawo aya, ya kawo labari, ya saka raha, ya dawo kan maganarsa. Haka yake yi a tafsirin azumi da har yau ake sauraron kasakasansa. Malamin aji na kirki ya san cewa idan fuskokin ɗalibai suka nuna ba su gane ba, laifin bayaninsa ne, dole ya sake hanya. Wanda ya ɗauki wannan ɗabi'a zuwa filin taro ba ya samun sararin tunanin ko rigarsa ta zauna daidai ko muryarsa tana rawa, domin hankalinsa yana kan wancan tsoho na gefe da har yanzu bai gyaɗa kai ba.

Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya bi makamanciyar hanyar duk da sun sha bamban a siyasa. An haife shi a unguwar Yola a 1929, ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, shi ma da koyarwa ya fara. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1954 yana da kimanin shekara 25, ya zama Ministan Ma'adinai da Lantarki a Jamhuriya ta Farko, daga baya ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1980, har ya shugabanci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata. Hujjar da ta fi ƙarfi a rayuwarsa ta zo ne a ƙarshenta. Bayan idonsa ya tafi, ya ci gaba da halartar taruka har gab da rasuwarsa a 2017, yana jawabi mai tsawo da Hausa ko da Turanci babu ko tsinken takarda, kuma babu mai motsi sai ya gama. Wanda ya saurare shi a wurare da dama zai lura cewa jigoginsa ba su da yawa: adalcin shugaba, haɗin kan ƙasa, tarbiyyar gida, nauyin da ke kan matasa. Ya daɗe yana juya su a zuciyarsa har suka zauna, saboda haka duk inda aka tsayar da shi, aikinsa kawai ya auna waɗanda ke wurin ya zaɓi ƙofar da zai shiga.

Waɗannan mutum biyu ba daga sama suka faɗo ba, birnin da ya haife su cike yake da wuraren koyon magana, ko da ba a kiransu da wannan suna. Yaron makarantar allo da ƙarfi yake karatu, kuma dole ya zo gaban malam ya biya. Ɗalibin zaure yakan karanta matanin Larabci a gaban 'yan uwansa malam yana fassarawa, in ya yi lahani a gyara masa a bainar kowa, gobe kuma ya dawo. Mai jan baƙi yakan yi shekaru a gefen mai tafsiri yana ganin yadda ake riƙe taro kafin wata rana a ce ya zauna a kujerar. A wajen tafsirin Shehu Nasiru Kabara, ko na Malam Isa Waziri wanda ya shahara da sa mutane dariya su kuma tashi da darasi, ɗalibai sun kwashi salon isar da magana tare da ilimin. A Kasuwar Kurmi kuwa, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yaron shago yakan koyi karanta fuskar baƙo, ya san wanda zai ja da wasa da wanda zai yi wa magana a taƙaice. Dattijon nan da ya ƙware a taron unguwa ya bi ta irin waɗannan wurare shekara arba'in. Saurayin kuwa ta yiwu ya gama jami'a bai taɓa buɗe baki a gaban mutum ashirin ba, domin ajinsu ya cika maƙil, jarrabawarsu kuma duk a rubuce take.

Shi kansa tsoron yana da bayani. Idan idanu suka yi wa mutum caa, jiki yakan ɗauka haɗari ne ya tunkaro, sai ya saki sinadaran da ke sa zuciya bugu da sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya yi gumi, numfashi ya gajarce. Wannan halitta ce, kuma tana samun masu ilimi da marasa shi. Abin da likitocin halayyar ɗan Adam suka tabbatar shi ne irin wannan tsoro yana raguwa idan mutum ya riƙa fuskantar abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, yana kuma ƙaruwa idan ya riƙa guje masa. Duk ranar da aka ce wane ya yi mana addu'ar rufe taro ya noƙe, ya sami sauƙin minti ɗaya ya kuma ƙara wa tsoronsa ƙarfi. Jan numfashi a hankali kafin a fara, da riƙe jimlar farko daram a ka, suna taimakawa wajen tsallake mintin farko, wanda shi ne mafi wuya. Sallama da salati da gaida manya da muke buɗe taro da su suna yin wannan aikin, domin kalmomi ne da baki ya saba da su, kafin a gama su murya ta daidaita.

Wani zai ce duk da haka baiwa baiwa ce, ba kowa ne zai zama Ɗanmasani ba. Gaskiya ne, akwai wanda aka hore wa amon murya da saurin kawo misali, kuma horo ba zai daidaita mutane duka ba. Sai dai abin da yawancinmu ke buƙata bai kai nan ba: mutum ya iya tsayawa a madadin danginsu wajen neman aure, ya kare aikinsa gaban malaman jami'a, ya faɗa wa kansila matsalar magudanar ruwan unguwarsu a fahimce shi. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa, ya kuma ambaci cewa ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, amma duk da haka aka tura shi ya tsaya gaban Fir'auna. Jahiz, marubucin Basra, ya kawo labarin Wasil bin Ata wanda harshensa ba ya iya furta harafin ra daidai, sai ya horar da kansa har yana iya yin doguwar huɗuba yana kauce wa duk kalmar da harafin yake ciki. Idan mai irin wannan cikas ya shiga sahun masu huɗuba da ake ba da misali da su, mai lafiyayyen harshe da kunya kawai ke damunsa yana da hanya a buɗe.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, domin ya taɓa tarbiyya. An rene mu a kan cewa yaro ba ya tsoma baki idan manya na magana, ba ya haɗa ido da su, kuma kawaici ado ne. Akwai iyayen da ke tsoron cewa koya wa yaro magana a taro koya masa fitsara ne. Ban raina wannan damuwa ba, don kowa ya ga yaron da aka zuga ya zama marar ta-ido. Amma dattawan da muke sha'awar maganarsu su ne kuma suka fi kowa ladabi: sun san wanda za su fara gaisarwa, sun san yadda ake saɓa wa babba ba tare da an kunyata shi ba, sun san lokacin da za su ce Allah ya ba da haƙuri su zauna. Ladabi ɓangare ne na iya magana, kuma ba a koyonsa da yin shiru. Yaron da aka hana shi buɗe baki har ya girma, ranar da dole ta sa ya yi magana, ko dai ya daskare ko ya yi ɓaranɓarama. Abin ya fi tsanani a kan 'ya'ya mata, alhali malaman Islamiyyun matan aure da ke lungunan birni, da masu wa'azi a gidajen biki da suna, sun isa shaida cewa mace tana riƙe taro da mutuncinta.

Akwai kuma masu cewa mun gaji da masu baki, abin da ya rage mana masu aiki ne. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki a Kano, kunnuwan jama'a suka saba da sojojin baka, waɗanda za su yabi mutum yau su zage shi gobe da zaƙin harshe iri ɗaya. Wanda ya ƙosa da wannan yana da hujja. Sai dai idan masu gaskiya suka bar fagen saboda ƙyamar masu daɗin baki, su suka sakar musu shi. Kuma jama'a ba su rasa ma'auni ba. Abin da ya sa maganar Malam Aminu ta yi nauyi shi ne mutane suna iya zuwa Gwammaja su ga gidan da yake zaune, wanda yanzu ya zama cibiyar Mambayya ta Jami'ar Bayero, su ga bai saɓa da abin da yake faɗa a filin lacca ba. Wanda ya yarda da abin da zai faɗa ya rage wa kansa rabin fargaba, tunda ba ya tsoron tambayar da za ta tona shi.

Inda nake ganin muna kuskure a yau shi ne yadda makarantu da yawa, na boko da na Islamiyya, suke shirya yara don ranar taro. Malami ya rubuta jawabi, sau da yawa da Turanci ko Larabcin da ya fi ƙarfin yaron, a ba shi ya haddace, ranar bikin ya zubo shi tiryan-tiryan iyaye su yi kabbara. Hadda tana da matsayinta, kuma tsayuwar kanta tana rage tsoro. Amma yaron da kalma ɗaya ta kufce masa shi ke nan ya tsaya cak, don maganar ba tasa ba ce, kuma idonsa na cikin kansa yana neman layi na gaba maimakon ya kasance a kan mutane. Ya fi amfani a ba shi batun da ya sani, kamar wahalar ruwa a unguwarsu ko sana'ar mahaifinsa a Kurmi ko a marinar Ƙofar Mata, ya yi minti uku da Hausa gaban 'yan ajinsu, a yi masa tambaya biyu ya amsa, mako mai zuwa a sake. Idan ya iya tsara tunani da harshen da yake mafarki da shi, ɗaukar wannan tsari zuwa Turanci aiki ne na ƙarin kalmomi. Babba ma haka zai yi, ya karɓi ƙaramar dama da ake gudu, sanarwa bayan sallar Magariba, ko bayanin kuɗi a taron adashi ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, ya shirya maki biyu ko uku a ransa, ya zaɓi mutum ɗaya a cikin taron ya yi masa bayani har ya ga alamar ya gane, sannan ya juya ga na kusa da shi.