Lissafin sana'a: mu rubuta don mu san ribarmu

Ƴan'uwa manoma da masu kiwo, yau za mu yi magana a kan lissafin sana'a. Ma'anarsa ita ce rubuta duk kuɗin da suka shigo da duk waɗanda suka fita, kowane da ranarsa da dalilinsa, domin mutum ya bambanta uwar kuɗi da riba.

Mu ɗauki misalin kiwon turka. A ce mun sayi rago jika 40, wata uku kafin Sallar Layya. Da Salla ta matso muka sayar da shi jika 70. Da yawa daga cikinmu sai mu ce mun ci ribar jika 30, har mu fara kashe ta tun a kasuwa. To, ina dusar da ragon ya ci? A ce ta kai jika 9. Harawa jika 6. Maganin tsutsar ciki da allura jika 2. Kuɗin mota da la'adar dillali jika 3. In muka haɗa, jika 20 ke nan. Ashe ribar gaskiya jika 10 ce kawai. Wanda ya kashe jika 30 ya ci jika 20 daga cikin uwar kuɗinsa bai sani ba, kuma baɗi ba zai iya ciyar da irin wannan rago ba.

Ko harawar daga gonarmu ta fito, mu sa mata kuɗi, domin da mun kai ta kasuwa da an saya.

Aikin ba ya bukatar komi sai kaye ɗaya da bik. A shafin hagu mu rubuta abin da ya fita, a na dama abin da ya shigo. Mu rubuta a ranar, kada mu bari sai gobe, domin ƙananan kuɗi su ne ake fara mantawa. Bashi kuwa a ba shi shafinsa dabam, da sunan mai shi da ranar biya.

Akwai wuri ɗaya da ke rikita sabon mai rubutu. Da baki muna ƙirga da dala, amma a jikin kuɗi tamma ake rubutawa. Dala ɗaya tamma 5 ce. Takardar jika, wadda muke kira dala 200, an rubuta 1000 a kanta. In yau mun rubuta da dala, gobe da tamma, lissafi ya ɓaci. Mu zaɓi ɗaya, mu rubuta shi a kan shafin farko, mu bi shi har kayen ya cika.