Python ya zubar da matattun batura: abin da ya kamata ofisoshi su lura da shi

A watan Oktoban 2024, da fitowar Python 3.13, masu kula da wannan harshe na rubuta manhajojin kwamfuta suka cire sassa 19 daga rumbun kayan aikin da harshen ke zuwa da su. Tun da Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, abin alfaharinsa shi ne cewa yana zuwa da baturansa a ciki, wato mai amfani ba ya buƙatar nemo kayan aiki a waje. Da tafiya ta yi nisa, wasu baturan suka mutu.

Christian Heimes ne ya gabatar da shawarar cire su a 2019, cikin daftarin PEP 594, daga baya Brett Cannon ya shigo cikin aikin. An amince da ita a 2022. Hujjarsu ita ce masu kula da Python kaɗan ne, galibinsu 'yan sa-kai, kuma kowane sashe da aka bari yana buƙatar mai gyara shi da toshe ɓarakar tsaro a cikinsa.

Cikin waɗanda aka cire akwai cgi, wanda shafukan intanet na shekarun 1990 suka dogara da shi wajen karɓar bayanan fom. Da telnetlib, mai haɗa kwamfutoci ba tare da ɓoye abin da ke wucewa tsakaninsu ba, har da kalmar sirri. Da sunau, na fayilolin sauti na tsofaffin kwamfutocin Sun. An ba da wa'adi: tun daga Python 3.11 a 2022, duk manhajar da ta kira ɗayansu tana samun gargaɗi.

Ga ma'aikatu da hukumomin da ke sayen manhajoji daga 'yan kwangila, batun ya shafi aikin yau da kullum. Shafin karɓar takardu da aka gina kan cgi zai tsaya cak da zarar an ɗaga shi zuwa 3.13. Zama kan tsohon bugu ma yana da iyaka, domin shekara biyar ake tallafa wa kowanne: gyaran tsaro na 3.12 zai ƙare a Oktoban 2028.

Don haka kafin jami'i ya sa hannu kan karɓar manhaja, ya dace ya tambayi bugun Python da aka yi amfani da shi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin sabunta ta bayan ƙarewar kwangila.