Tsohuwar mota: abin da za a duba kafin a juya delko

Daga Garwa zuwa Njamena, daga Maraɗi zuwa Gaya, har yanzu tsofaffin motoci masu kafireta na ciyar da iyalai da dama. Misali Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. A irin waɗannan motoci, distiributa, wadda a ƙasashe masu Faransanci ake kira delko, ita ke raba wa fulogi (buji) wuta. Da zarar mota ta yi sanyi, sai a kwance delko a juya shi da ka. Sau da yawa matsalar ba a nan take ba.

Fetur na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ƙone, don haka dole tartsatsin ya tashi kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa. Wannan saitin ne makanikai ke kira taimin. A yawancin tsofaffin injuna, tazarar na tsakanin digiri 5 zuwa 10 idan inji na tafiya a hankali, amma adadin da kamfani ya rubuta shi ne abin bi. Idan wuta ta yi gaba da yawa, za a ji inji na ƙwanƙwasa a kan hawa, kuma yana turjewa wajen tashi. A bar shi haka, fistin na iya hujewa. Idan ta yi baya, mota ba ta ja, tana shan mai, tana zafi.

Abu na farko shi ne kontak, wato filatin. Ƙurar hunturu da rashin giris na cinye ɗan robar da ke buɗe shi, bakin ya tsuke, wuta ta koma baya da kanta. A injuna masu silinda 4, bakin kan kasance wajen milimita 0.4. A daidaita shi tukuna, domin duk sauyin da aka yi masa yana sauya taimin.

Na biyu, a auna. Inji ya ɗumama, a cire tiyon iskar da ke zuwa delko a toshe shi, a maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na 1, a haska alamar da ke jikin fule ko fulawil. A motocin Peugeot ana ƙirga silinda ta 1 daga ɓangaren kuloci, amma tunda fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, kowanne aka kama alamar za ta fito. Wanda ba shi da fitilar sai ya haɗa ƙwan bolt 12 tsakanin wayar da ke zuwa delko daga kwayil da jikin inji, ya buɗe makulli, ya juya injin da hannu. Ƙwan zai kama daidai lokacin da kontak ya buɗe, kuma a nan ya kamata alamar ta tsaya.

Na uku, abubuwa biyu da ke tura wuta gaba idan inji ya ƙara gudu. Akwai ƙananan ƙarafa masu sifirin a cikin delko: a murɗa rota da hannu ta inda yake juyawa, ya kamata ya ɗan motsa ya dawo da kansa. In ya ƙi, ƙarafan sun cije ko sifirin ya saki. Akwai kuma gwangwanin iska a gefe: a tsotsi tiyonsa, farantin kontak ya motsa, ya tsaya muddin harshe na toshe da bakin. In ya koma nan take, fatar ciki ta fashe ko tiyon ya tsage saboda zafi.

Kada a manta da mai. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya, idan an gauraya shi da kananzir, yana sa inji ƙwanƙwasa ko da taimin na daidai. A sauya mai a gwada.

Sai waɗannan duka sun yi daidai za a sassauta delko. Juya shi akasin tafiyar rota na kai wuta gaba, bin tafiyarsa na mayar da ita baya. A yi alama a jikinsa kafin a taɓa, a juya kaɗan-kaɗan, a ɗaure, a sake aunawa.